Talatar da Muka Zaɓa da Bakinmu

Ba don na san komai game da lafiya aka sa ni cikin kwamitin lafiya na garinmu ba. Ana neman mace wadda ta iya rubutu, wadda kuma za a iya cewa daga cikin ruwa ta fito, sai aka waiga aka gan ni. Ni malamar firamare ce a wani gari na bakin tafki ta wajen Ngaski, nan na yi aure, nan nake zaune, amma a gungu aka haife ni, wato ɗaya daga cikin tsibiran da ke tsakiyar ruwa. Aka rubuta ni a takarda, a gaba aka sa "wakiliyar matan gungu". Ba wanda ya tambayi matan gungu ko sun aiko ni. Ni ma ban tambaya ba, don gaskiya na ji daɗin muƙamin, har sabon mayafi na saya.

Asibitin garin ƙarami ne, ɗaki uku da baranda. Abin da ke kai matan gungu can shi ne awon ciki, kuma tun ina yarinya ranar Alhamis ake yin sa, ranar kasuwa. Ba wani mai ilimi ne ya zauna ya tsara haka ba. Ranar ce kaɗai babban jirgin inji ke zagaya gungaye da tungayen masunta da sassafe, ya kwaso mutane da buhunan albasa da kwandunan banda, ya mayar da su da la'asar. Mai ciki sai ta shigo jirgin da kifinta, in an isa kasuwa ta bar wa maƙwabciya ta tsare mata, ta je ungozomar asibiti ta auna ta, ta dawo ta ci gaba da ciniki. Sauran kwana shida kuwa, mai son ƙetarowa ko ya ɗauki shatar jirgi, abin da ya fi ƙarfin masunci, ko ya kama filafili ya yi rabin yini yana tuƙa kwale-kwale.

Ƙanwata, wadda ke bi na, a gungu take aure. A lokacin tana da ciki na biyar. A cikin da ya gabata ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ungozoma ta ce jininta ke hawa, ta kuma ja mata kunne cewa in ta sake samun ciki kada ta yi wasa da awo. Ba ta yi wasa da shi ba. Alhamis ɗin da duk aka ce ta dawo, tana cikin jirgi tun kafin a ta da inji. In an gama ta biyo gidana ta sha fura, ta yi mini tsiya wai na zama 'yar birni ban iya fere kifi ba.

Ana nan sai takarda ta zo wai wata ƙungiya za ta zo jin ra'ayin al'umma kan yadda za a inganta asibitinmu. A takardar an kira mu masu ruwa da tsaki. Sun sa taron ranar Litinin da ƙarfe goma, ranar da ba jirgi, don haka daga cikin ruwan gaba ɗaya mutum guda ne ya zo, shi ma su suka aika aka ɗauko shi. Mai garin gungunmu ne, wan mahaifina, Baba muke ce masa.

Ba zan manta ranar ba. An kafa rumfa a harabar asibiti, an jera kujerun roba, an rataye wani ƙyalle mai hoton mace tana dariya da jariri, macen da ko kallo ɗaya ka yi mata ka san ba ta taɓa zama cikin jirgin da ke yoyo ba. Baƙin su biyar ne, cikin farar mota. Shugabarsu wata hajiya ce mai tabarau, mai fara'a, tana magana tana haɗa hannu a ƙirji. Ta ce ba su zo koya mana komai ba, sun zo ne su koya daga gare mu. Ta faɗi haka sau uku, kuma na yarda har zuciyarta take nufi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan yanzu.

Aka fara da wasa. An raba mu rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni faffaɗar takarda da alƙalami mai kauri, wai mu zana taswirar garinmu. Ga liman, ga sarkin kasuwa, ga shugaban masu jirage, dattawa masu jikoki, sun duƙa suna zana rijiya da masallaci kamar 'yan ajina. Aka koya mana wani tafi na musamman, sau uku a hannu, sau uku a cinya, sannan a jefa wa wanda ya yi magana. Na ga liman yana jefa wa sarkin kasuwa tafi, na sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini. Rukuninmu ya zana tafkin da shuɗin alƙalami, muka ɗiga gungaye a ciki. Wani saurayi daga cikin baƙin ya ɗauki hoton taswirar, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Bai tambayi yadda ake zuwa daga ɗigon nan zuwa asibiti ba.

Sai da aka raba lemo da fanke, rana ta take, sannan aka zo ga ainihin magana. Hajiya ta ce sun zagaya sun lura ranar awo ta faɗa ranar kasuwa, mata suna cikin hada-hada, asibiti ya cika, ungozoma ba ta samun natsuwa da kowace mace. Don haka suna tunanin a mayar da awo ranar Talata, ranar da mata ke da sukuni. Ta ce amma wannan tunaninsu ne kawai, mu ne masu yanke magana. Daga nan ta ɗauki abin magana da hannu biyu, ta taka har gaban Baba, ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ne uba a nan, da kai za mu fara."

Nan aka yi ɓarnar, kuma cikin ladabi aka yi ta.

A wurinmu ba haka ake shawara ba. In magana ta taso a gungu, ko ta inda baƙin masunta za su kafa tunga, ko ta rikicin gonar albasa, gindin tsamiya ake zama. Matasa ke fara faɗin abin da ke ransu, har da shirme. Magidanta su biyo. Mata su aiko da tasu ta bakin wata tsohuwa. Mai gari yana zaune yana jan carbi kamar ba ya ji, sai kowa ya gama sannan ya tattara ya yanke. In ya buɗe baki an gama ke nan, sai a naɗe tabarmi. Wanda ya ƙara wata magana daban bayan tasa, ko da gaskiya ce, ya nuna wa duniya cewa mai gari bai san abin da yake yi ba, kuma za a daɗe ana tuna wa gidansu. Ga kuma wata: mai masauki ba ya kushe abin da baƙo ya kawo a gaban jama'a, ko da ruɓaɓɓen kifi ne.

Baba ya karɓi abin maganar yana juya shi, ya dube ni, ya dubi shugaban masu jirage. Sannan ya gyara murya.

"Mun gode, mun gode. Allah shi saka da alheri. Kun baro gidajenku kun taho don lahiyarmu. Abin da duk kunka ga ya dace, mu gare mu daidai na."

Aka yi masa tafin nan, uku a hannu, uku a cinya.

Hajiya ba ta tsaya nan ba, don ita a ganinta tana bin ƙa'ida, kowa sai an ji ta bakinsa. Aka miƙa wa liman, ya yi addu'a. Aka miƙa wa sarkin kasuwa, ya ce ai babba ya yi magana. Aka miƙa wa shugaban masu jirage, mutumin da ya fi kowa a duniya sanin cewa ran Talata jirginsa na ɗaure a bakin ruwa ana kwashe masa ruwa da gwangwani. Ya tashi, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Baba ya gama magana." Ya zauna.

Sai ta juyo gare ni da murmushinta.

"Malama, ke ce muryar mata a nan. Kada ki ji nauyin kowa. Talata ta yi wa matan gungu?"

Na miƙe da sabon mayafina. Na san amsar, ba sai na yi tunani ba. Ƙanwata ce ta faɗo mini a rai, da ƙafafunta. Amma ga Baba zaune a gabana, shi ya yi mini waliyyi, shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na yi makaranta lokacin da 'yan'uwa ke cewa a cire ni. Ga dattawan garin mijina duk sun zuba mini ido. Na ce, "Abin da Baba ya faɗa shi ne."

Saurayin nan ya rubuta a faffaɗar takarda da manyan baƙaƙe cewa al'umma ta amince baki ɗaya. Aka zagayo da wata takarda muka sa hannu, aka yi hoto, ni ina tsaye kusa da Hajiya ta dafa kafaɗata.

Na raka Baba bakin ruwa inda jirgin da suka yi masa shata ke jira. Sai da muka bar mutane na ce, "Baba, Talata hwa babu jirgi."

"Ni za ki gaya ma babu jirgi?"

"To mi yas sa kac ce daidai na?"

Ya tsaya cak, ya dube ni da fushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. "Waɗanne irin mutane na waɗanga, da za su aza tsoho gaba? Ban ji ta kowa ba anka miƙo man ƙarhen ga. Baƙo ya taho da abu nai, in tashi gaban jama'a in ce mai ba shi da kyau? Ni na aza ke da kiy yi boko kin san yadda za a hwaɗa musu da irin maganassu."

"Bayan ka yi magana, Baba?"

Ya tattara babbar rigarsa ya shiga jirgi. Shi yana jira in gyara, ni ina jin nauyinsa, shugaban masu jirage yana jin nauyinmu duka, baƙi kuwa sun hau mota suna murna sun ji ra'ayin al'umma.

Ban zauna ba, kada a ce ban yi komai ba. Washegari na je wurin mai kula da asibitin, na ce masa an yi kuskure, a bar awo yadda yake. Ya ce in dakata tukuna sai rahoto ya fito. Da rahoton ya fito ya kira ni, ya buɗe mini shi, mai sheƙi, da hotonmu a ciki. Ya sa yatsa a wani wuri.

"Malama, wanga ba hannunki na ba? Al'umma ta zaɓa. Ni wa, da zan canza abin da al'umma taz zaɓa?"

Ya ce ai maganar ta wuce shi. An riga an yi wa ungozoma sabon jadawali, asibiti uku take zagayawa a kan babur, Talata tana wurinmu, Alhamis tana wani gari can ta wajen tudu. Abin awon jini kuma guda ne, a jakarta yake. In ana son canji sai kwamiti ya sake zama, zaman kwamiti kuma sai baƙin sun sa rana, don su ke kawo lemo da takarda. Na tambaye shi yaushe. Ya ce bayan wata uku, in Allah ya yarda.

Alhamis ta zagayo, ƙanwata ta zo da katinta, ita da wasu mata cike da baranda. Ba ungozoma. Mai ba da kati ya ce su dawo Talata. Wata daga wata tunga ta tambaye shi da wane jirgi, ya ce shi dai abin da aka gaya masa ke nan.

Na ce wa ƙanwata ta zauna gidana har Talata. Ta zauna, kwana biyar tana ƙorafi, hankalinta na kan 'ya'yanta huɗu da kifin da ta bari a kan banda. Ungozoma ta auna ta, ta ɓata fuska, ta ba ta magani ta ce jinin ya fara hawa, ta riƙa zuwa duk bayan mako biyu. Sai ta sake jiran jirgin Alhamis kafin ta koma. Mako guda cur ke nan don awon da bai kai rabin awa ba. Da ta isa gida ta tarar rabin kifin ya lalace, ƙaramar 'yarta kuma ta ƙone a hannu wajen hura wuta.

Daga nan ba ta sake yarda ta kwana ba. Mijinta ya yi ƙoƙari sau ɗaya ya tuƙo ta ran Talata, amma damina ta kankama, iska ta taso musu a tsakiyar ruwa, da ƙyar suka juya. In na gan ta ran kasuwa sai in dubi ƙafafunta, ita kuma ta ja zane ta rufe ta ce, "Yaya, bari kallona haka, lahiya lau nike." Na roƙe ta, na yi mata faɗa, har na ce zan aika a kwaso yaran su zauna wurina. Ta ce kifi fa, shi ma kwaso shi za a yi? Maganin ya ƙare, mai shagon magani ya ba ta wani da ya ce kusan iri ɗaya ne. Watan ukun kwamiti ya cika, aka ce an ɗaga zaman saboda baƙin suna wani taron a wata jiha.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanki aka aiko a guje wai in zo bakin ruwa. Jijjiga ce ta kama ta tun da safe tana tsakiyar juya kifi. Maza huɗu suka yi ta karɓa-karɓar filafili har suka kawo ta, kwance a kan tabarma a cikin kwale-kwale, an sa mata cokali a baki, ba ta san inda take ba. Muka sa ta a mota zuwa babban asibiti a Yelwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Ita ta tashi bayan kwana uku. Ɗan, namiji ne, an fito da shi ba rai.

Wata biyu bayan haka farar mota ta dawo. Rumfa, kujeru, ƙyallen nan mai mace tana dariya. Hajiya ta ce sun duba littafin asibiti sun ga abin damuwa, matan gungu sun kusa daina zuwa awo gaba ɗaya. Sun tattauna a ofis, sun gano matsalar ita ce ƙarancin wayewar kai, da kuma maza masu hana matansu fita. Don haka sun zo da lasifika da riguna masu rubutu, za a zaga a wayar wa mata kai. Wato matan da suka shekara da shekaru suna tashi da asuba su shiga jirgi da ciki don a auna su, su ne yau ba su san amfanin awo ba.

Ta ɗauki abin magana da hannu biyu ta nufi Baba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tare ta a hanya na karɓe shi daga hannunta. Na ce babu jirgi ran Talata. Na ce ba a taɓa yin jirgi ran Talata ba tun da aka tare ruwan nan ya zama tafki, kowa a rumfar nan ya sani, har mai ba da kati. Na ce in suna son jin gaskiya a garin nan su daina fara tambayar babba. Na faɗi abin da ya sami ƙanwata. Baba yana kallon ƙasa yana jan carbi.

Ka san abin da suka yi? Tafi suka yi mini, uku a hannu, uku a cinya. Hajiya ta share hawaye ta ce irin wannan muryar suke nema. Saurayin ya rubuta "jirgi" a faffaɗar takarda ya ja masa layi biyu. Bayan wasu makonni aka mayar da awo Alhamis, inda yake tun farko. Na ga rahoton da ya biyo baya: an ba da labarin garinmu a matsayin misalin nasarar sauraron al'umma, wai an gano matsala an kuma warware ta tare da jama'a. Baba kuwa ya yi wata huɗu in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, matan gidanmu suna cewa boko ya fitar mini da kunya.

Ni aka ɗora wa kai albishir gungu, da lasifikar da rigar. Na bi jirgin la'asar ran kasuwa, na bar lasifikar a jaka, don ba wanda zan yi wa shela, labari ya riga ni. Na sami ƙanwata a bayan ɗaki gaban banda, ta rame, hayaƙi na shiga idonta, tana juya tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa mini buhu na zauna. Muka yi hirar yara, da ta tsadar itace. Na ce mata an mayar da awo Alhamis. Ta ce ta ji, Allah shi amfana wa masu ciki.

Sannan ta ce, ba da fushi ba, kamar mai tambayar farashin gishiri:

"Yaya, an ce kina wurin ran da anka aza Talata. Ba su ba ki magana ba halan?"

Da na ce mata ba su ba ni ba, da ta yarda, don ba ta taɓa ƙaryata ni ba tun muna yara.

Na ce, "Sun ba ni."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ɗauki wani kifin ta juya shi.